Yabon da ya fi zagi ciwo: William Blake da gonar alkamarsa

Zanen da ya sa na ɗauki alƙalami bai fi tsawon ɗan yatsa ba: santimita 7 da ɗoriya a kwance, 3 da ɗoriya a tsaye. Babu mutum ko ɗaya a cikinsa. Akwai icce guda da iska ta tanƙwara, akwai gonar alkama da ta kwanta kamar garke ya kwana a kanta, sannan a sama ga wata wanda duhu ya cinye mafi yawansa. Sauran wurin baƙi ne. William Blake, sha'iri kuma mai sassaƙa zanen ɗab'i na birnin Landan, shi ya yi shi, aka buga shi a shekarar 1821 cikin wani littafin ƴan makaranta tare da ƴan'uwansa 16. A duk tsawon rayuwarsa waɗannan 17 ɗin kaɗai ya sassaƙa a kan icce.

Ƙara na kawo, kuma mutum biyu nake ƙara. Na farko shi ne likitan da ya ba da aikin, ya karɓa yana jin kunya, ya buga shi da takardar neman afuwa a ƙarƙashinsa. Na biyu shi ne saurayin da ya ƙaunaci zanen fiye da kowa, ya kira shi kusurwar Aljanna, duniya kuma ta bi bakinsa har yau. Laifin na farko a fili yake, an daɗe ana yi masa dariya a kai. Laifin na biyu ne ba a cika faɗa ba, kuma a ganina shi ya fi ɓarna.

Bari mu fara da likitan. Sunansa Robert John Thornton, likita ne kuma masanin tsirrai, wanda ya zuba dukiyarsa cikin buga wani ƙaton littafin furanni mai launi har ya karye. Ban da wannan yana da littafin koyar da waƙoƙin makiyaya na Birjil, sha'irin Roma wanda littattafanmu na Faransanci ke rubutawa Virgile. An fara buga littafin a 1812 domin yaran da ke koyon Latin. Da za a yi bugu na uku, juzu'i biyu da hotuna sama da 200, sai mai zane John Linnell, wanda Thornton ne likitan gidansa, ya haɗa shi da Blake. A lokacin Blake ya haura shekara 60, talauci ya yi masa katutu, aiki kuma ya yi masa ƙaranci. Aka ba shi wata waƙar Ingilishi ta Ambrose Philips, wadda aka sa cikin littafin a matsayin kwaikwayon waƙar Birjil ta farko, aka ce ya yi mata hotuna.

Dole in ɗan tsaya a kan yadda ake wannan sana'a, don gardamar duka a nan take. Mai sassaƙa a kan farantin jan ƙarfe, inda ya karta nan tawada ke shiga, saboda haka layin da ya ja shi ke fitowa baƙi a kan farar takarda. A kan icce kuwa abin akasin haka ne. Ana samun icce mai tauri ƙwarai, a yanka shi a gicciye, a goge fuskar yankan ta yi sumul, sannan a bi ta da ɗan ƙarfe mai kaifin baki. Wurin da aka bari shi ke ɗaukar tawada, wurin da aka cire shi ke fitowa fari. Idan ba a taɓa iccen ba aka buga shi, baƙi ƙirin za a samu. Ke nan mai wannan aiki daga dare yake farawa, yana tono haske kaɗan-kaɗan, kuma abin da ya tono ba ya komawa. Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai zanen ƙwarya yana kankare bayanta har farin da ke ƙarƙashi ya bayyana, ya san irin wannan lissafi.

Masu sana'ar a Landan na wancan zamani sun saba da aiki mai santsi, layuka sirara a jere kamar an taje su, fili ya yi haske, tumaki su yi tsaf. Blake ya bar baƙin ya yi yawa, ya yi ta saran haske a cikinsa da layuka masu kauri, wasu a karkace. Alexander Gilchrist, wanda ya rubuta tarihin Blake da aka buga a 1863, ya ba da labarin cewa da masu sana'ar suka ga aikin sai suka yi masa dariya, likita kuma ya tsorata ya ba wani ya fara sake sassaƙa hotunan. Uku aka sake kafin a tsaya. Abin da ya tsayar da shi, in ji Gilchrist, wata liyafa ce a gidan wani attajiri mai suna Aders, inda manyan masu zane irin su Thomas Lawrence da James Ward suka yaba aikin a gabansa. Sai likita ya rasa yadda zai yi. Ya buga sauran yadda Blake ya yi su, bayan an datse gefensu don su shiga shafi, sannan ya ƙara ƴan layuka a ƙarƙashin hoton farko yana sanar da mai karatu cewa aikin shahararren Blake ne, cewa baiwa ta fi gwaninta yawa a cikinsu, kuma wasu manyan masu zane suna sha'awarsu.

A karanta maganar nan da kyau. Mutum ne ke wanke hannunsa a gaban iyayen yara: in kun ga abin bai yi kyau ba, ba ni ba ne, manya ne suka ce a bari. Kuma wa ake cewa gwanintarsa ta gaza? Mutumin da aka kai shi koyon sassaƙa wajen James Basire a 1772 yana ɗan shekara 14, ya yi shekara 7 cur a ƙarƙashinsa, ya ci abinci da wannan ƙarfe kusan shekara 50 kafin likita ya san shi. Mutumin da tun wajen 1788 ya ƙago hanyarsa ta kansa ta cinye jan ƙarfe da ruwan guba a bar rubutu da zane a tsaye, wadda da ita ya buga littattafan waƙoƙinsa. Barin abu a tsaye ya ɗauki tawada ba baƙon abu ba ne a wurinsa. Hujjar da ta fi kowace ƙarfi ma tana cikin littafin likitan kansa: Blake ya sassaƙa masa wasu faranti na jan ƙarfe masu ɗauke da kawunan mutanen da, irin su Birjil da Yuliyas Kaisar, aiki mai tsabta irin wanda kasuwa ke so, babu wanda ya nemi afuwa a kansu. Hannun da ya yi waɗancan shi ya yi gonar alkama. Da santsi yake so, da ya yi santsi.

Ban ce aiki mai laushi laifi ne ba. Thomas Bewick na Newcastle, wanda ya ɗaukaka wannan sana'a da littafinsa na tsuntsayen Birtaniya a 1797 da 1804, yana iya fito da gashin tsuntsu ɗaya-ɗaya a kan icce, kuma babu mai hankalin da zai raina shi. Amma gashin tsuntsu daban, hadari daban. Wanda ya taje layukan iskar da ta kwantar da gona ya yi ƙarya, kome kyan hannunsa. Hotuna ukun da aka sake suna nan cikin littafin, a tsakiyar na Blake, kowa na iya gwadawa. Sun fi tsabta, ba shakka. Ka dube su ka juya shafi, ba za ka sake tuna su ba.

Abin da ya sa maganar likitan ke ci mini rai shi ne na san ta, na sha jin ta da Hausa, kuma daga bakinmu mu ƴan boko. Mu tsaya gaban zanen bangon wani gida a Birnin Damagaram, ko gaban aikin baduku ko na masaƙi, mu kaɗa kai mu ce: «Kai, baiwa ce Allah ya ba shi.» Babu mai musun cewa baiwa daga Allah take. Sai dai a bakinmu kalmar tana yin wani aiki na daban: tana shafe shekarun da mutumin ya yi yana ɗaukar laka a bayan ubangidansa, tana shafe ƙa'idojin da ya haddace da kurakuran da aka tsawata masa a kansu. Wanda aka ce baiwa gare shi, ba a kiransa ya koyar a aji, ba a tambayarsa dalilin da ya sa ya yi kaza bai yi kaza ba, kuma ba a biyansa kuɗin masani. An yabe shi an sallame shi. Blake dai bai yafe wa likitan ba, ko kuma aƙalla bai ga girmansa ba: a 1827, shekarar da ya mutu, ya sami wata fassarar addu'ar Kirista da Thornton ya buga, ya cika gefen takardun da ba'a.

Yanzu ga masoyi. Samuel Palmer yana ɗan shekara 19 Linnell ya kai shi wajen Blake a 1824. Shi da abokansa, Edward Calvert da George Richmond da wasu, suka ɗauki tsohon a matsayin shehinsu, suka kira kansu da sunan da ke nufin mutanen da. Palmer ya koma ƙauyen Shoreham a yankin Kent, ya yi shekaru yana zana kwaruruka da farin wata da gonaki masu nauyin amfani, kuma a nan ya yi aikin da ya fi kowane kyau a rayuwarsa. Ƴan hotunan nan 17 su ne irin da ya shuka. Shi ne ya siffanta su da cewa wahayi ne na ƴan lunguna da kusurwoyin Aljanna, suna ɗage labulen jiki su nuna wa mutum hutun da ke jiran bayin Allah. Da wuya ka buɗe littafin da ke maganar hotunan ba ka tarar da wannan siffa ba. Ta zama kamar sunansu na yanka.

To, a kawo hotunan a jera. Ga tsohon makiyayi Thenot da saurayi Colinet suna magana kusa da iccen da ya ƙone ya tsage. Ga gonar da muka fara da ita. Ga makiyayi yana bin kerkecin da ya faɗa wa garkensa. Ga Colinet shi kaɗai a kan hanya, ya wuce dutsen da ke nuna nisan tafiya. Ga shi kwance a fili da dare a Kambirij, baƙo marar masauki. Ga yara biyu suna yi masa ba'a. Wace Aljanna ce ake yi wa mutum ature a cikinta? Colinet saurayi ne da ya bar bakin kogin garinsu ya kora ƴan tumakinsa ya tafi biɗa, kamar yadda muke cewa, ya tarar da sanyi da tsegumi da asara. Waƙar Philips ba wata ta a-zo-a-gani ba ce. Tun a zamaninsa Alexander Pope da wasu sun yi ta yi masa dariya saboda laushin baitocinsa. Blake ya bi ta ya tsince ƙashin da ke cikinta. Kuma dutsen hanyar nan ya rubuta masa mil 62 zuwa Landan, kimanin kilomita 100. Masu nazari sun lura cewa kusan nisan ke nan zuwa Felpham, ƙauyen bakin teku inda Blake ya zauna daga 1800 zuwa 1803 a ƙarƙashin inuwar wani mai hali, William Hayley, zaman da ya ƙare da ɓacin rai da kuma shari'a: wani soja ya zarge shi da zagin sarki, aka gurfanar da shi, aka wanke shi a farkon 1804. Mutumin da ya sassaƙa Colinet ya san ɗacin tuwon wani.

Birjil ɗin ma da aka ɗora littafin a kansa, waƙarsa ta farko ba waƙar hutu ba ce. Bayan yaƙin Filibi, shekara 42 kafin haihuwar Annabi Isa, waɗanda suka ci nasara sun ƙwace gonakin manoma a arewacin Italiya suka raba wa tsofaffin sojojinsu. Waƙar hira ce tsakanin mutum biyu: ɗaya yana kwance a inuwa don ya je Roma ya samu wani babba ya bar masa gonarsa, ɗayan yana kora awakinsa zai bar ƙasar don an ba soja tasa. A ƙarshe mai gona ya ce wa korarre ya kwana wajensa, akwai ƴaƴan itace da cuku. Kwana ɗaya. Da safe hanya tana nan tana jira. Shekaru ɗaruruwa ana koya wa yaran Turai wannan waƙa don su san nahawun Latin, ana nuna musu inuwar, ana tsallake korar. Blake kuwa bai ɗauki Roma abin girmamawa ba. A wani ɗan rubutu da ya buga a kan Birjil wajen wannan lokaci ya zargi Girka da Roma da cewa ƙasashen yaƙi ne masu hallaka fasaha.

Sannan a tuna wace Ingila ce aka buga hoton a cikinta. A 1815 majalisa ta yi dokar hana shigo da alkama daga waje sai farashinta ya kai wani matsayi mai tsada, don amfanin masu manyan filaye. A shekarar nan ne dutsen Tambora ya yi aman wuta a Indonesiya, ƙurarsa ta rufe sama, 1816 ta zo da sanyi da ruwa marar ƙarewa, amfanin gona ya lalace a Turai. A 1816 ɗin talakawa suka yi bore a Ely da Littleport saboda tsadar burodi da rashin aiki, aka rataye mutum 5. A watan Agusta na 1819 mahaya suka afka wa taron jama'a a Manchester, mutane sama da goma suka mutu, ɗaruruwa suka jikkata. Ga kuma dokokin shinge filaye da suka yi shekaru suna raba ƙananan manoma da makiyayar da kowa ke kiwo a cikinta. Ban ce Blake ya zauna ya zana ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa ba. Abin da nake cewa shi ne, a 1821 babu Baturen Ingila mai hankali da zai ga alkama a kwance ya yi tunanin Aljanna. Tunanin kuɗin burodi zai yi.

Na san abin da za a mayar mini. Za a ce Blake mutumin wahayi ne, yana cewa yana ganin mala'iku, bai damu da duniyar zahiri ba, saboda haka Palmer da ya zauna da shi ya fi wani malamin Nijar sanin nufinsa. Akwai gaskiya a ciki, kuma ba zan ɓoye cewa jerin hotunan ya ƙare da natsuwa ba: ana shigar da tumaki garke da faɗuwar rana, ana cin abincin dare, shanun noma suna komawa gida. Hasken da Palmer ya gani yana nan. Amma mutumin wahayin nan shi ne ya rubuta waƙoƙi a 1789 da 1794 a kan yaran da ake sayarwa su share bututun hayaƙi, da kan fuskokin wahala a titunan Landan. Ganin mala'iku bai taɓa rufe masa ido daga ganin yaro mai toka a fuska ba. Natsuwar ƙarshen jerin tana da daɗi ne saboda an bi ta cikin hadari kafin a iso ta. Cire hadarin, abin da zai rage hoton kalanda ne.

Kuma mun san inda wannan karatu ya kai Palmer. A 1830 leburorin gona na Kent, yankin da yake zaune, suka tashi suna farfasa injinan sussuka suna ƙona tarin amfani saboda yunwa da ƙarancin lada. A 1832 mai zanen Aljanna ya buga takarda yana kiran masu zaɓe na yammacin Kent su tsaya da tsohon tsari, yana la'antar masu neman sauyi. Ya so kwarin, ya so farin watan, mutanen da ke yanke alkamar kuwa ya fi son su a cikin hoto.

Ƴan'uwa malamai za su ce: mu ina ruwanmu da rigimar Turawan da suka mutu? Ruwanmu shi ne littafin ƴan makaranta ne. Yara ƴan shekara goma sha ne aka sa wa wannan gona a gaba, kuma tambayar da ta raba likita da Blake ita ce tambayar da ke gabanmu duk lokacin da za a yi wa littafin karatu hotuna: me ya halatta yaro ya gani? Ku buɗe littattafan da muka yi karatu da su da waɗanda muke koyarwa da su a lakwal, na Faransanci da na harsunan gida, ku dubi ƙauyen da ke ciki. Yawanci rumbu a cike, saniya da ƙiba, manomi yana murmushi da hauya a kafaɗa. Yaron da ke kallon hoton, kakansa ya ga 1973 da 1984, uwarsa ta ga 2005 a jahar Maraɗi ko ta Damagaram, bayan fari da fara sun haɗu a kan daminar 2004. Shi da kansa ya san yadda hatsi ke kwanciya in iska ta zo gabanin ruwa, ya san wansa da ya tafi biɗa bai aiko ba. Muna miƙa masa ƙauyen da bai taɓa gani ba, sannan mu yi mamaki in ya ɗauka cewa abin da ke cikin littafi ba ya da alaƙa da abin da ke gida. Wani ya ce mini ai yara ba a tsorata su. Na ce masa yaran da nake koyarwa ba hoton gona ne zai fara tsorata su ba.

Na gwada abin a aji sau ɗaya, da kwafin da injin ya ƙara wa baƙi. Ban faɗa musu sunan Blake ba, ban ce daga Ingila ba ne. Ba su san alkama a gona ba, suka ɗauka shinkafa ce ko wata ciyawa. Amma babu wanda ya ce aikin ɗan koyo ne, babu kuma wanda ya ce wuri ne mai daɗi. Wata yarinya a layin baya ta ce mai gonar nan bana sai ya sayi hatsi. Sauran suka shiga gardama a kan ko watan kamuwa ya yi ko gajimare ne ya rufe shi, gardamar da ban raba musu ba don ƙararrawa ta riga ni.

Gumakan iccen kansu sun tsira. Linnell ya saye su daga hannun likita a 1825 a kan gini biyu, wato fam biyu da sule biyu, suka zauna wajen zuriyarsa fiye da shekara ɗari, har suka shiga gidan tarihi na British Museum a 1939. Gefen da aka datse kuwa ya tafi ke nan. Takwas daga cikin hotunan ne kawai aka samu gwajin bugunsu na kafin a sa musu zarto, kuma daga waɗannan ƴan takardu ne ake gane yawan sama da ƙasar da aka yanke don hoto huɗu su shiga shafi ɗaya.